Baƙin Salatif a Akwatin Mesa

Tun da na taso, in aka ce maciji, abin da ke biyo baya shi ne sanda. A gidanmu ko sunansa ba a son kira, sai dai a ce igiyar ƙasa. To ni ɗin ce aka wayi gari a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ina tsallaka titi kowace safiya, cikin sanyin Janairu, da goyo a baya, don in duba ko wata mesa ta kwana lafiya. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, kuma bakina ne ya jawo mini.

A lokacin muna zaune a unguwar Glenwood, a wani ɗan gidan katako da iska ke shiga ta ko'ina. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin injiniya, yana kuma aikin lodi a wani sito da ke Wendover. Gidan da ke kallon namu na wata tsohuwa ce, baƙar fata 'yar ƙasar, tana zaune ita kaɗai. Mama nake ce mata, ita ma ta karɓi sunan. Ranar da naƙuda ta kama ni, maigidan yana sito, wayarsa a kulle cikin durowa, ita ce ta saka ni a tsohuwar motarta ta kai ni asibiti. Ta riƙe mini hannu har na haihu, daga baya kuma ta yi ta kawo miyar kaza a kwano, miyar da ba ta da ko ɗigon yaji, ni kuma ina shanyewa don kunya. Irin wannan mata ba a ce mata a'a.

Wata rana ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce za a yi mata aiki a ƙugu, bayan aikin kuma za ta yi makonni a wurin da ake koya wa mutane tafiya. Ta ce akwai abin da take so in kula mata da shi.

Na ce, “Ba komai, Mama. Ki tafi hankalinki kwance.”

Ban tambayi mene ne ba. A wurinmu maƙwabci ba ya zuwa da buƙata ka tsaya kana yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Amsawa ake fara yi, bayani ya biyo baya. Ni a zatona furanni ne, ko wasiƙu, in abin ya yi tsanani kyanwa.

Ta ja ni zuwa ɗakin ɗanta. Na san ta taɓa yin ɗa namiji guda ɗaya, na san ya rasu kafin mu tare a unguwar, amma ban taɓa shiga ɗakin ba. Gado a gyare, takalmansa a jere, a jikin bango kuma wani dogon akwatin gilashi a kan tebur. Ta ɗaga wani ɓawon itace da ke ciki, sai ga abu a naɗe, mai zanen ruwan ƙasa da baƙi, kaurinsa ya kai damtsena. Ban san lokacin da na koma bakin ƙofa ba.

Ta ce, da Turancinta mai ja, “Ba ta cizo. Tasa ce. Ita kaɗai ce abu mai rai da ya bar mini.” Sai ta yi murmushi ta ƙara da cewa, “Kuma daga wajenku take, Afirka ta Yamma. Na ce ke za ki fi kowa saninta.”

Na so in ce mata abin da na sani game da 'yan uwan wannan abu shi ne yadda ake fasa musu kai. Na dubi fuskarta, na haɗiye maganar.

Aikin, a faɗarta, ba shi da yawa. A canja ruwa. Abinci ba kullum ba, kuma wannan na ɗora wa maigida tun a ranar, don ba ni da abin da zai haɗa ni da ɓeran da aka daskarar a firji kusa da koren wake. Babban abin shi ne zafi. A ƙarƙashin akwatin, daga gefe ɗaya, akwai wata 'yar shimfiɗar lantarki da ke ɗumama gilashin. Akwai kuma wata na'ura a bango da ke kunna ta tana kashe ta. Na'urar ba ta da ido, ba ta san komai ba sai abin da wata siririyar waya ta gaya mata. Wayar ta shiga cikin akwatin ta sama, a ƙarshenta akwai ɗan baƙin kai kamar ƙwayar wake, shi ke auna zafi, kuma dole ya zauna a kan gilashin daidai saman shimfiɗar. In ya gusa zuwa gefen sanyi, na'urar za ta ɗauka akwatin ya huce, ta yi ta hura wuta ba tsayawa, gilashin ya yi zafin da zai ƙona cikin mesar. Mama ta ce irin waɗannan macizai ba sa tashi da wuri in suna ƙonewa, sai su yi ta kwanciya a kai. Ɗanta ya manne kan wayar da gam tun da daɗewa, bai taɓa motsi ba.

Bai taɓa motsi ba sai da ya gan ni. Mama ba ta yi mako da tafiya ba na shigo da safe na tarar gam ɗin ya ɓalle, kan wayar yana reto a jikin bangon akwatin, lambar da ke fuskar na'urar ta faɗi ƙasa, jan fitilarta a kunne. Na sa hannu a ƙasan gilashin daga waje, na janye da sauri. Allah ya taimaka mesar tana can ɗaya gefen, a ƙarƙashin ɓawonta.

Na zare filogi, na koma gida na ɗauko muciya. Da muciyar tuwo na tura kan wayar ya koma wurinsa, ina tsaye daga nesa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na samo dutse a bayan gida, na wanke, na danne kan wayar da shi, na mayar da filogi. Washegari dutsen yana nan, wayar ba ta nan. Na binne ta a ƙarƙashin ɓawon kwakwar da aka shimfiɗa a ciki, ta tono ta. Na ɗora kwanon ruwa a kan wayar, na zo na tarar da kan awon a cikin ruwan tsundum, wanda ya fi komai muni, don ruwa sanyi gare shi, na'urar kuwa ta gaskata. Wannan halitta da in ka gan ta da rana sai ka rantse ba ta iya ɗaga kai, ashe in ba kowa aikinta ke nan, bin waya tana ture ta. Na koma tsallaka titin safe da rana da yamma, abinci a kan wuta, yarinya tana kuka, ni ina gadin waya.

Mahaifiyata ta kira daga gida ana cikin haka, na yi kuskuren gaya mata. Ta ce, “Yanzu ke karatun da kuka je yi ke nan?” Na ce amana ce. Ta ce ta ji, amma in wanke hannu da sabulu kafin in taɓa mata jika.

A nan ne maigida ya shigo maganar, shi da salatif ɗinsa. Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san baƙin salatif na masu gyaran wuta. Da shi ake haɗa wayar fanka, da shi ake ɗaure cajar waya, da shi ake riƙe marfin rimot. Maigidana ya ɗauki abin ya wuce nan. Madubin motarmu na gefe da shi yake tsaye. Ƙafar tabaransa da shi take. Har a akwati yake sa a taho masa da shi daga Kano, wai na nan ba ya kamawa. In abu ya lalace a gidanmu ba ya tambayar me ya same shi, durowa yake buɗewa.

Ya ce, “Hajiya, wannan ai simple ne. Kin bi kin wahalar da kanki da duwatsu.” Hajiya yake ce mini in yana son ya nuna ya fi ni sani, ko filin jirgin Jidda ban taɓa gani ba.

Na ce, “Malam, abu mai rai ne a ciki. Ba rimot ba ne.”

“I know. Waya ce ke motsi, za mu hana ta motsi. Shi ke nan problem ɗin.”

Ya je da yamma kafin ya wuce aiki, ya share gilashin, ya kwantar da kan wayar, ya bi ta da salatif gicciye da tsaye, har da ƙari a jikin bango don kada ta yi reto. Aikin ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Ya ɗauki hoto ya turo mini. Ni ma, don gajiya, na ji daɗi, na ce yau dai zan dafa abinci in ci shi da zafinsa.

Da safe na shiga ɗakin na ji wani ƙara-ƙara a jikin gilashi. Ɗumin shimfiɗar ya sassauta bakin salatif ɗin, mesar ta cusa kai ta ƙarƙashi kamar yadda ta saba, ya manne mata daga bayan kai zuwa gefen wuya. Ta yi ta juyi don ta kuɓuta, juyin ya ƙara naɗe ta da shi, da wayar gaba ɗaya. Kanta a karkace yake, ba ta iya miƙe shi. A wani wuri ta riga ta fizge da ƙarfinta, ɓawon jikinta ya biyo salatif ɗin, naman wurin ya fito fari-fari da ɗan ja.

Na kira maigida, wayar tana cikin durowar sito. Na tsaya a tsakiyar ɗakin mamacin nan, takalmansa a jere a gefena. Abin da na hango shi ne Mama ta dawo da sabon ƙugu ta tarar da akwati wayam, ni kuma ina tsaye ina cewa salatif ne.

A jikin firji akwai lambar asibitin dabbobin da Mama take kai mesar. Matar da ta ɗauka ta ce kada in ja, ko kaɗan kada in ja. Ta ce in samo man girki da auduga, in riƙa jiƙa bakin salatif ɗin a hankali har ya saki da kansa, sannan in kawo ta. Na tambaye ta ko ana iya yin haka da muciya. Ba ta gane ba, na ce ta bar shi.

Na tsallaka na ɗauko man gyaɗata, wanda nake tattali don miyar taushe. Na gyara goyo, na zare filogi, na yanke wayar da almakashi, na yi bisimilla na sa hannu biyu na ɗago ta. Na zaci santsi zan ji. A bushe take, da sanyi, da nauyi, ƙarfinta yana motsi a tafin hannuna. Na zauna a ƙasa, na shimfiɗa tawul a cinya, na ɗora ta. Na fara ɗiga man, har yana zuba a zanena.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. In ɗiga mai, in jira, in ɗaga bakin salatif ɗin kaɗan da farce, in ƙara ɗigawa. Da na matsa kusa da kai sai ta yi huci, ni ma in yi baya, mu dawo mu ci gaba. Duk wannan lokacin bakina bai yi shiru ba. Na yi wa maigida faɗa ba ya nan, na yi wa wanda ya ƙirƙiro salatif, na yi wa mutanen ƙasar da suka rasa abin kiwo sai wannan, na yi wa ita kanta mesar, da aka ba ta gida da wuta da ruwa amma ba ta da aiki sai tonon waya. Da guntun ƙarshe ya saki, sai ta naɗe kanta ta zama dunƙule, ta cusa kan a tsakiya, ta yi lamo a cinyata tana ƙamshin ƙuli-ƙuli. Sai a lokacin na lura kuka nake yi.

Maigida ya dawo da hantsi ya same ni a ƙofa. Ban ɗaga murya ba, don unguwar ba ta saba ba. Na miƙa masa guntayen salatif ɗin a faranti, da ɓawon jikinta a manne.

Ya duba ya ce, “Ban san zai ɗaga ba. Da na sa layer biyu a bakin...”

Na ce, “Malam, in ka ƙarasa wannan maganar, yau a sito za ka kwana.”

Bai ƙarasa ba. Ya ɗauko makullin mota, muka sa mesar a rigar matashi muka ɗaure bakin, muka tafi, ni ce riƙe da ita a cinya har can.

Likitan ya wanke wurin, ya ba mu magani, ya ce a cire ɓawon kwakwar a shimfiɗa mata takarda mai tsabta har ta warke. Ya ce duk abin da ke da danƙo ba ya shiga akwatin maciji, komai ƙanƙantarsa, komai kyan manna shi. In dole kan awon ya zauna a ciki, a fitar da mesar tukuna, a manne shi da gam ɗin da ake narkarwa, a bari ya huce ya bushe sarai. Amma ga shimfiɗa irin tamu, ya ce mafi sauƙi a fitar da wayar daga akwatin gaba ɗaya, a sa kan tsakanin shimfiɗar da gilashin ta waje, inda mesar ba za ta taɓa kaiwa gare shi ba, sannan a riƙa auna zafin cikin da wani ma'auni dabam. Na dubi maigida, shi kuma ya dubi hoton kare da ke bango. Makonni ina fama da dutse da muciya, ashe abin da ake bukata a fitar da wayar daga hannunta.

Muka biya Wendover muka sayi sabuwar na'ura, tunda na yanke wayar waccan, da ma'aunin da ake nuna wa wuri ya faɗi zafinsa. Muka ɗaga akwatin mu biyu, ya kwanta a ƙasa ya saka kan awon a wurinsa, ya riƙe shi da wani salatif mai ruwan azurfa da ke jure zafi. Ko a nan sai da ya ce, cikin ƙaramar murya, ai ga shi dai an dawo kan salatif. Na yi kamar ban ji ba. Tun daga ranar lambar ba ta ƙara motsi ba.

Saura gaya wa Mama. Maigida ya ce shi zai faɗa da bakinsa, kuma na yaba masa a kan wannan. Muka je wurin da take, tana zaune kusa da taga da abin dogarawa a gabanta. Ya yi bayani bai rage komai ba. Ta saurara har ya gama, tana murza bakin bargon da ke cinyarta. Can ta ce, “Tana cin abinci?”

Ba ta ci. Tun ranar ta ƙi, likitan ma ya ce za ta iya ɗaukar lokaci, kuma ba za a san yadda wurin zai kasance ba sai ta yi saɓa. Muka faɗa mata haka. Ta ce ta gode da muka zo. Da ta zage mu da na fi samun sauƙi. Na fito ina jin haushin kowa, har da ita, da ta ɗauki abin da ya fi komai daraja a wurinta ta damƙa wa matar da ke taɓa shi da muciya.

Ta dawo gida a ƙarshen Fabrairu. Na mayar mata da makulli, na nuna mata inda wayar take yanzu da yadda ake auna zafin. Ta duba wuyan mesar, ta daɗe tana dubawa, ta ce to. Bayan nan muna gaisawa daga nesa, ta ɗaga hannu daga baranda in ɗaga. Miyar kaza ba ta ƙara tsallako titi ba, ni kuma kunya ta hana ni aika tuwo. Maigida ya ce in ba ta lokaci. Na ce shi dai ya ba durowarsa lokaci.

Wata safiya, bishiyoyin titin sun fara fure, ina wanke-wanke na hango ta ta taga tana saukowa daga matakalar gidanta. Tun da aka yi aikin ban ga ta wuce akwatin wasiƙunta ba. Ta turo abin dogarawar ta sauka titi, taki ɗaya ta huta, taki ɗaya ta huta, wata mota ta tsaya tana jiranta. Na fita da kumfa a hannu na tarye ta a bakin matakalarmu. Tana haki. A jikin abin dogarawar ta rataye wata leda.

Ta ce, “Jiya ta ci. Yau kuma na tarar da wannan.”

Ta zaro saɓar, doguwa, fara, shara-shara, ta fita gaba ɗaya daga kai har wutsiya. A garinmu in ka ga wannan a bayan ɗaki, ranar ba mai barci sai an kwashe kayan ɗakin kaf. Ta ɗaga ta ga haske ta nuna mini wajen wuya, inda zanen ɓawon ya yanke, wuri kamar faɗin babban yatsa, sumul ba komai.

Ta ce, “A jikinta ya rufe. Sabuwar fata ce a wurin.” Ta miƙo mini. “Likitan ya gaya mini a cinyarki kika ɗora ta. Ke ba ki faɗa mini ba.”

Na goge hannu a zane na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, iska tana neman ɗauke ta, sai da na riƙe da hannu biyu. Na ce mata ta shigo ta zauna kafin ƙugun nan ya ɓalle a ƙofar gidana a ce ni ce, na matsa gefe, na riƙe mata ƙofa da ƙafa har ta haye matakalar.